Jinin Gwaggo

Ranar da aka fara ɗibar jinin Gwaggo, guga take yi. Ta shimfiɗa rigar yayanta a kan tebur, ta yayyafa mata ruwa ke nan, sai ga babban ɗan gidan ya shigo rungume da wani ƙaramin inji kamar mai ɗauke da jariri. A ɗakin awon jini na wani asibiti yake aiki. Ba likita ba ne, amma tun ranar da ya fara sa farar riga unguwa ta laƙaba masa Dakta, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

"Gwaggo, kashe dutsen gugar nan ki zo. Baba na kira."

Ta kashe, ta goge hannu a zaninta, ta bi shi sama.

Ɗakin Yaya warin ruɓaɓɓen nama yake yi duk da turaren da ake fesawa. Wata bakwai ke nan ciwon suga ya buɗe masa gyambo a dunduniyar hagu, faɗinsa ya kai bakin kofin shayi, kuma kullum ƙara zurfi yake. Gwaggo ce mai wanke shi safe da yamma, don matarsa Hajiya ta ce zuciyarta ba ta iya ɗauka. Shekara huɗu ke nan Gwaggo tana ɗan ɗakin da ke jikin kicin, tun bayan rasuwar mijinta. Shekarunta hamsin da biyu, amma har yau Yaya da Auta yake kiranta.

Dakta ya ajiye injin, ya gyara murya.

"Likitar da ke duba Baba ta ce akwai magani. A cikin jinin mutum akwai wasu sinadarai masu sa tsoka ta tsiro, miki ya haɗe. Ana juya jinin a inji, a tsame ruwan da ke ɗauke da su, a shafa a ciwon. Na Baba ba zai yi ba, shi kansa bai da isasshe. Na asibiti kuwa daga ma'ajiyar jini ake kawowa, sai an bi layi, wata biyu ko uku. Kafin nan sun fara maganar yanke ƙafa. Ni kuma wannan aikin kullum a hannuna yake. Me za mu tsaya jira?"

"To jinin wa?" in ji Gwaggo, ko da yake ta ga inda idanu suka nufa.

"Ni rukunin jinina ba ɗaya ne da na Baba ba. Umma tana da hawan jini. Ke kuwa uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta dubi ƙafar yayanta, ta dubi fuskarsa da ta zube. Da hannu aka ce ta yanke ta ba shi, da ta tsaya tunani kaɗan ne kawai. Amma ta tuna lokacin da mijinta ke kwance, yadda aka yi ta mayar da masu ba da jini gida bayan an auna su.

"Ba sai an auna ni ba tukuna? Na ga a asibiti..."

Dakta ya yi dariya. "Baƙo ake aunawa, Gwaggo. Ke jinin gida ce. Kin taɓa kwanciya a asibiti?"

"Ban taɓa ba."

"To kin gani."

"Wannan ai ko mura tsoronta take ji," in ji Hajiya, duk aka yi dariya, har Yaya.

Ya ɗaure mata dantse da roba, ya soka allura, ya cika 'yan kwalabe uku. A kan teburin gugarta ya kafa injin. Ya yi ta gurnani yana girgiza teburin, da ya tsaya sai ga jinin ya rabu, ja a ƙasa, wani ruwa mai kalar man gyaɗa a sama. Dakta ya zuƙe na saman, ya haɗa da wani abu, ya yi kauri kamar farin ƙwai, ya shafe gyambon da shi ya naɗe. Ranar Hajiya da kanta ta dafa wa Gwaggo ƙwai biyu, ta haɗa mata madara mai kauri.

Talata da Juma'a aka tsayar. A mako na uku bakin gyambon ya fara yin ja mai kyau, warin ya ragu. A na biyar ya tsuke har ana gani. Yaya ya fara dogara sanda zuwa taga. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa ya leƙa ƙafar sai ya riƙe baki.

"Kai, Alhaji, ka haifi ɗa!"

"Maganin waje ne," Hajiya kan ce. "Dakta ne kaɗai ya san hanyarsa."

Gwaggo tana durƙushe tana zuba musu shayi, ta ja hannun rigarta ta rufe tabon allurai. Dakta ya riga ya gargaɗe ta kada ta faɗa wa kowa, wai mutane ba su da fahimta, za su ɗauka wani abu ne daban.

Ƙwai biyun ya koma ɗaya. Daga baya ya koma shayi. Daga baya kuma in ya zare allura sai ya danna mata auduga ya ce, "Riƙe nan," ya juya ga injinsa, ita kuma ta koma kan tukunya.

Ba ta san ranar da abin ya soma ba. Ta dai lura matakalar da take hayewa da bokitin ruwa a hannu yanzu sai ta huta sau biyu, zuciyarta tana bugawa har cikin kunne. In ta sunkuya shara ta ɗago sai ta ga duhu da 'yan taurari. Ga wani kwaɗayin ƙanƙara da ya kama ta, ta buɗe firji ta ɓalli gutsure ta yi ta gurgura kamar ƙaramar yarinya. Abin da ya fi damunta ƙafafunta ne. Da ta zauna sai ta ji kamar tururuwa na yawo a cikin ƙashi, dole ta miƙe, ta je bakin ƙofa, ta dawo, ta zauna, ta sake miƙewa. Ga gajiya kamar ta faɗi, ga jiki ya ƙi hutu.

"Gwaggon yara, wai me kike nema ne?" Hajiya ta tambaye ta wata rana. "Tun safe kike kai-komo kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Kuma don Allah a bar mana ƙanƙarar nan, baƙi na zuwa."

"Jikina ne ba daidai ba. Jiri nake ji."

"Girma ne. Ni da na kai shekarunki har bango nake dafawa. Wa ya ɗebi jinina?"

Ta kai kukanta wurin Dakta. Yana duba wayarsa ya ce, "Abin da nake ɗiba bai fi cokali huɗu ba. Kwana biyu jiki ya mayar. Ki yawaita shan ruwa."

Amma ba cokali huɗu ba ne, don ita ma tana da ido. Kwalabe uku sun koma biyar, sun koma bakwai. Gyambon Yaya kuwa raguwa yake, ba ƙaruwa ba. Wata Juma'a ta ga ya raba ruwan gida biyu, ya sa rabi a cikin kula da ƙanƙara, ya rataya a kafaɗa.

"Wancan fa, ina za shi?"

Ya gyara igiyar kular. "Baba Tela ne. Kin san shi ma ƙafarsa ta daɗe. Aminin Baba ne tun suna samari, ya roƙe ni gaban mutane. In ce masa a'a?"

"Ya san abin da ake shafa masa?"

"Ya san yana samun sauƙi. Lada ce kike kwasa, Gwaggo, kina zaune."

Bayan mako biyu sai ga maƙwabciyarsu ta bayan katanga ta shigo da fara'arta, ta zube gaban Hajiya tana godiya. Matar ɗanta ta haihu da tiyata, ɗinkin ya buɗe yana ta ruwa, sau uku Dakta ya shafa mata maganin nan ya kama. Gwaggo tana kicin tana ji, ludayi a hannu. Ta san yarinyar. Ko shekara ashirin ba ta cika ba, kullum in sun haɗu a shago sai ta karɓi kayan Gwaggo ta rako ta har ƙofa. Daga baya kuma ta ji Dakta a waya yana ce wa wani abokinsa direba, wanda salansar babur ta ƙona wa ƙwauri, ya same shi a bayan tasha da yamma.

Ta hau sama, tana hutawa a kowace matakala ta huɗu. Ta tarar da Yaya yana yanke farce, ƙafar tana kan matashi.

"Yaya, yaron nan fa ya fara fita da jinina waje."

"Na sani. Taimako ne."

"Ni kuma ƙarewa nake. Dubi tafin hannuna."

Ya duba, ya kau da kai da sauri. "Auta, ki daure. Saura ƙiris ya rufe. In aka tsaya yanzu ya dawo, kin fi kowa sanin wahalar. Zan yi masa magana ya rage."

Ko ya yi masa magana, ba ta gani a kwalabe ba. Jijiyoyin hannunta suka ɓuya, gwiwar hannu biyu ta yi baƙi da shuɗi, Dakta ya koma bayan tafi, yana tsaki in bai samu a sukan farko ba.

"Ki saki jikinki mana. Ke kike sa jijiyar gudu."

Wata Laraba tana goge farar rigarsa ta aiki, sai teburin ya yi sama, ɗakin ya juya. Ta farfaɗo a ƙasa, ana yayyafa mata ruwa, hanci cike da ƙauri. Dutsen guga ya ci bayan rigar ya bar rami, ya kuma faɗo ya lashe mata fatar hannu daga wuyan hannu zuwa tsakiya.

"Ita kaɗai ce wankakkiya fa!" in ji Dakta, yana ɗaga rigar sama yana leƙe ta ramin. Sai ya ga Hajiya na kallonsa, ya sassauta murya. "Sannu, Gwaggo. Ba ki karya ba ne, shi ya sa. Kullum sai na ce ki riƙa karyawa."

Ya shafa mata wani farin mai, ya naɗe da bandeji. Babu wanda ya ce a juya mata nata a inji. Ya ɗaga mata Juma'ar nan, Talata ya dawo ta ɗaya hannun.

A wata na huɗu gyambon ya rufe saura kamar kan yatsa. A satin ne kuma Yaya ya ture kwanon abinci ya ce warinsa na tayar masa da zuciya. Ya fara amai. Gwaggo da ke zubar da fitsarinsa ta ga ya koma kamar shayin da aka manta a wuta. Da safe ta ɗaga labule, haske ya faɗa fuskarsa, sai ta ga farin idonsa ya zama ruwan ƙwai.

"Zazzaɓin cizon sauro ne," in ji Dakta. Ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar agogo. Kwana biyar yana rataya wata bayan wata, yana shiga yana fita, yana amsa waya a tsakar gida da murya ƙasa-ƙasa. A na shida Yaya ya kira Hajiya da sunan mahaifiyarsa da ta rasu shekara talatin. Sannan aka nemo mota.

Likitar da ke duba shi mace ce gajeruwa mai furfura a goshi, ba ta da yawan magana. Ta sa aka ɗebi jininsa, ta kwance bandejin ƙafar, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ya yi kyau. Me kuka sa masa? Ban ga kun dawo bin layi ba."

Hajiya ta gyara mayafi. "Ai ɗanmu ne ya yi, a gida. Da jinin ƙanwar maigidan, ga ta nan. Bai gaya miki ba?"

Likita ta ɗago a hankali ta dubi Dakta. Ya sunkuyar da kai yana gyara agogon hannu.

"Wane awo ka yi mata?"

"Rukunin jini... ɗaya ne da nasa."

"Na ce wane awo?"

Ta juyo ga Gwaggo, ta ja fatar ƙasan idonta da yatsa, ta juya tafin hannunta, ta ture hannun rigar sama. Da ta ga tabban sai ta ja numfashi ta hanci, ta kira ma'aikaciyar jinya.

Bayan kwana biyu ta tara su a ofishinta, Gwaggo da Hajiya da Dakta. Ta fuskanci Gwaggo ta yi mata magana, kamar su biyu ne kawai a ɗakin.

"Baba, akwai ƙwayar ciwon hanta a jininki. Mai yiwuwa ta shekara da shekaru tana nan. Mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba, ba ta taɓa kwantar da su ba. Ba laifinki ba ne, ki ji ni da kyau. Amma in aka ɗauki ruwan jinin aka zuba a buɗaɗɗen miki, an buɗe mata ƙofa. Na yayanki sabon kamu ne, kuma ya zo masa da ƙarfi saboda shekaru da suga. Muna iya ƙoƙarinmu. Shi ya sa wanda muke amfani da shi sai an auna mai bayarwa an sake aunawa, shi ya sa ake layi. Awon da zai nuna wannan, kafin shayi ya huce an gama shi, kuma a ɗakin da ɗanku yake aiki ake yi." Ta ajiye takardar awon. "Ke kuma jininki ya yi ƙasa sosai. Ke ya kamata a ƙara wa."

Gwaggo ta ji ƙafafunta sun fara. Ta danne gwiwoyinta da hannu biyu.

"Tambaya ɗaya," in ji likita. "An shafa wa wani ban da shi?"

"Baba kaɗai," in ji Dakta.

Gwaggo ta buɗe baki. A ƙarƙashin tebur Hajiya ta ɗora takalminta a kan yatsunta ta danna.

Likita ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "In akwai, ya zo yau, kada ya kai gobe. Shi da matarsa ko mijinta. In da jariri a gidan, shi ne na farko, a duba ko ya samu rigakafinsa. Manya galibi jikinsu kan kore ta. Jariri in ya kamu, yawanci da ita zai girma."

Tun a mota Hajiya ta matsa jikin ƙofa. Da suka isa gida ta ɗauko jan zare ta ɗaura a hannun wani kofi, ta ware faranti ɗaya da cokali ɗaya ta ajiye a bakin ɗakin Gwaggo.

"Likita ta ce ba a ɗauka ta kwano," in ji Gwaggo.

"Likita ba a gidan nan take kwana ba. Kuma daga yau kin bar taɓa tukunya." Ta zauna daɓas a kujera, hawaye suka zubo mata na gaske, don tana son mijinta. "Shekara huɗu muna riƙe da ke, ci da sha da sutura. Ashe cuta kike ɗauke da ita kina kallonmu. Allah kaɗai ya san inda kika kwaso ta, mace ba miji."

Gwaggo ta ji maganar har tafin ƙafarta. "Ni na ce a auna ni. A gabanki na faɗa."

"Da kin san lafiya kike, me zai sa ki ce a auna ki? Ai kin san abin da kika taka."

Dakta ya same ta a ɗaki, ya durƙusa a bakin katifa kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi ɓarna. Idonsa ya yi ja.

"Gwaggo, kuskure ne, na yarda. Ƙafar Baba nake so in ceta, kuma kin ga ta warke. Na roƙi likita, ta ce dole ta rubuta rahoto, amma in magana ta tsaya a uba da ɗa zan iya tsira da gargaɗi. In aka ji na fita da shi waje, aikina ya tafi, har kotu. Su ukun nan ƙalau suke, jiya ma na ga Baba Tela a kan keken ɗinkinsa. Ba kowa ke kamuwa ba. Zan riƙa lura da su da kaina, a hankali, ba tare da an tayar da hankalin kowa ba."

"Baban naka ma ƙalau yake wata uku."

"Don Allah, Gwaggo. Ke kika goya ni."

Washegari ta tafi asibiti ita kaɗai. Yaya ya dawo hayyacinsa, amma ya yi ɗorawa har tafin hannu, muryarsa kamar daga rijiya. Ta zauna ta gaya masa komai.

"Na ji," ya ce. "Auta, ki rufa wa yaron nan asiri. Kin ga yadda nake. In na tafi, shi ne gidan. Har ke, shi zai riƙe ki."

"Yaya, akwai jariri."

"Allah zai tsare."

"Allah ne ya ce mu yi shiru?"

Ya juya fuskarsa ga bango. Ta jira, ta gyara masa bargo, ta jira. Bai juyo ba.

Kwana uku ta yi tana zagaye ɗan ɗakinta. An hana ta girki, an hana ta wanki, ba abin da ya rage mata sai ƙafafun da ba sa zama da kan da ba ya shiru. Taku huɗu daga katifa zuwa ƙofa, taku huɗu komawa. Ta haɗiyi jajayen ƙwayoyin ƙarin jinin da likita ta ba ta da kofinta mai zare. Ta ce wa kanta ai ba ita ta kai musu ba. Ta ce wa kanta ba ta da inda za ta, dangin mijinta sun watse, ɗaki ɗaya take da shi a duniya kuma ga shi nan. Sai jaririn ya tsala kuka ta bayan katanga, uwarsa tana rarrashinsa tana dariya, Gwaggo ta sake miƙewa. Ta taga tana hango igiyar shanyarsu, 'yan riguna kamar tafin hannu suna lilo.

Rana ta huɗu da hantsi ta yafa mayafi. Hajiya na tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Ina zuwa?"

"Nan baya."

Hajiya ta ajiye tiren. "Gwaggon yara! Ki dawo nan!"

Ba ta waiwaya ba.

Ta tarar da mai jegon a kan tabarma tana shayarwa, surukarta na yanke albasa. Suka yi mata maraba, aka jawo kujera. Ba ta zauna ba, don ta san in ta zauna gaisuwa za ta cinye maganar. A tsaye ta faɗa, dalla-dalla: abin da aka shafa a ɗinkin, daga jikin wa ya fito, abin da aka samu a ciki, abin da likita ta ce game da jariri.

Wuƙar ta faɗi daga hannun tsohuwar. "Jini? Jinin mutum? Naki? Ya ce mana daga waje aka kawo!" Ta miƙe tana tafa hannu. "Kuna kallonmu muna godiya! Ke ma kina ji, kina kicin, na gan ki! Fita mana daga gida, muguwa!"

"Ina ji," in ji Gwaggo. "Ki zage ni in kun dawo. Yanzu ku ɗauki katin rigakafinsa ku tafi."

Yarinyar ta ƙura wa ɗanta ido, sannan ta laluba wayarta ta kira mijinta.

Shagon Tela yana bakin titi, tafiyar da a da ba ta ɗauke ta komai ba. Yau sau uku tana dafa bango. Ya saurare ta ƙafarsa na kan feda, bai katse ta ba. Da ta gama ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya daɗe yana kallon hannunta.

"Duk wannan sukan saboda ƙafata?"

"Har da ita."

"Ni kuwa na yi ta sa wa yaro albarka." Ya girgiza kai. Ya zuba ruwa a kofinsa na shago ya miƙa mata. Ta yi jinkiri.

"Sha mana. Kin yi fari fat kamar yadin alawayyo. In rufe shagon in je in ɗauko matata, tare za a auna mu."

Ta shanye, ta yi godiya, ta fito. Ba ta yi nisa ba ta ji ƙarar babur a bayanta. Dakta ne, da farar rigarsa, ya sha gabanta ya taka birki har ƙura ta tashi.

"Me kika yi? Mijin yarinyar can yana ƙofar gidanmu yana ihu, unguwa ta taru! Kin kashe ni, Gwaggo, kin huta?"

"Ina direban yake zaune?"

"Ba zan faɗa ba. Umma ta ce in kika ƙara taku ɗaya, kayanki za ki tarar a waje. Ki hau mu koma, a san yadda za a gyara." Muryarsa ta karye. "Saboda bare za ki tona mini asiri? Ni fa jininki ne!"

Ta dube shi. Ta ga kunnuwan ubansa, ta ga tabon goshin da ya samu yana rarrafe a ɗakinta. Tausayinsa ya kama ta, bai kuma canza komai ba.

"Su ma yanzu jinina ne," ta ce. "Kai ka kai musu a kula."

Masu wucewa sun fara rage tafiya.

Ta zagaye babur ɗin ta bi gefen kwalta. Tasha na can ƙarshen titi, bayan gidan mai, rana kuma ta take. A ƙofar shiga ta jingina da ƙarfen shinge har duhun idonta ya washe, sannan ta tare wani mai lodi da ke kiran fasinja.

"Bawan Allah, ina neman wani direba. Ban san sunansa ba. Yana da sabon tabon ƙuna a ƙwauri."

"Direbobi sun fi ɗari a nan, Baba. Wane layi yake bi?"

"Ban sani ba," in ji ta, ta gyara mayafinta. "Nuna mini inda layin farko ya fara."